Maganin Aya-aya

Malam Barau ya yi shekara talatin yana malamin gona, yana yawo ƙauye-ƙauye a kan babur yana koya wa mutane abin da suka gada wurin kakanninsu. Da ya yi ritaya sai ya nemi fili a fadama, wai zai nuna musu a aikace. Ya zo da igiyar awo da littafi. Ya dasa tumatir, tumatir ya kwanta. Ya dasa barkono, barkono ya bi sahu. Abu ɗaya ne ya yi albarka a lambun, shi ma ba shi ya shuka ba: ciyawar nan aya-aya.

In ya nome ta ran Asabar, ran Talata za ta fito gaishe shi. Ya fesa mata magani, albasar da ya dasa ta sha ta mutu, ita kuwa ciyawar ta ƙara sheƙi. Maƙwabta sukan durƙusa su tono 'ya'yanta ɗaya-ɗaya su shanya a rana. Shi ya ce wannan aikin mutanen da ne, ya ɗauko injin kaftu ya daddatsa saiwoyin ya baza su ko'ina. Wadda da gida ɗaya gare ta, sai ga ta da unguwa, har ta fara leƙa lambun mutane. Sarkin lambu ya aiko masa cewa in rani ya sake zagayowa a haka, za a ba wani filin.

Nan fa Malam ya taka wurin Baba Mati, tsohon da shi Malam ya taɓa kira baƙauye a gaban taro.

"Baba, sannu da aiki. Wata 'yar shawara na zo nema, ta fuskar bincike dai. Ciyawar nan na nome, na ƙone, na fesa."

"Mun gani, ranka ya daɗe. Mu ma rabonmu ya iso."

"To me ke kashe ta?"

Baba Mati ya dogara da fartanya, ya daɗe yana duban lambun Malam.

"Tumatirin nan wa ya dasa?"

"Ni, da hannuna."

"Barkonon fa, da albasar?"

"Duk ni, bisa ƙa'ida."

"Ciyawar?"

"Haba Baba, ita ai da kanta ta fito."

"To ka ga inda aka yi kuskure. Gobe ka zo da igiyarka da littafinka, ka dasa ta da hannunka."