Yadda Za Ka Koma Zamanin Da Ba Tare Da Ka Taɓa Fartanya Ba

Tun da kuɗin man fetur ya fara kwarara, ƙarin albashin Udoji ya kumbura aljihun ma'aikata, gardama ɗaya ce ta hana majalisun Wudil sakat: wane zamani ne ya fi daɗin zama? Wani ya ce na yanzu, wani ya ce na Turawa, wani ya ce na kakanni. To, ni na ƙware a harkar nan. In ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari kafin damina ta fita za a riƙa nuna ka ana cewa ga ragowar mutanen da, kuma ko kanta ɗaya ba za ta fito maka a tafin hannu ba. Shaidata ɗalibina Labaran, tsohon akawu da ya koma ɗan kwangila.

1. Zaɓi zamanin da ba shi da shaida

Kada ka kuskura ka ce yanzu ta fi. Wanda ya yabi yanzu an san ya samu, gobe dangi su cika masa zaure. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kai kuwa so kake a zaci ba ka ji daɗin banar ba.

Amma ka yi nisa sosai. Labaran ya taɓa yin gangancin yabon zamanin ubansa a gaban Barakatu, wata tsohuwa daga Kausani mai kawo daddawa kasuwar Juma'a.

"Iya, ai ku kun more duniya," in ji shi.

"Mun more? Ɗan nan, dubi fuskata. Agana ce ta yi mini zanen nan, ba wanzami ba. Shekarar yunwa gidan tururuwa muka riƙa tonawa muna neman tsaba. Karɓi daddawarka ka ba ni wuri."

Ka ji irinta ko? Tsofaffin mata su ne abokan gaban tarihi. In ka hango ɗaya, koma zancen ƙwallo.

2. Cika cikinka tukuna

Ba a yabon zamanin da da yunwa, muryar ba ta fita daidai. Narki shinkafar nan ta ƙasar waje, ka bi ta da shayi mai madarar gwangwani. Jingine babur ɗinka basfa inda kowa zai gan shi, ajiye rediyo a gefen tabarma. Sannan ka yi gyatsa, ka girgiza kai, ka ce, "Kayya! Duniya ta lalace. Ina gero, ina albarka?"

3. Riƙe gayya da kyau

Kowane gwani da makaminsa. Naka gayya ne. Bayyana yadda a da mutum ɗaya zai raba goro, gari ya fito ƙwansa da ƙwarƙwatarsa, ganga na tashi, ƙarti sun jeru a kunya, kafin azahar an share gona tas. Ka tashi tsaye ka gwada duƙawar, amma kaɗan, saboda gugar riga. Ka yi wa noma kirarinsa: na duƙe tsohon ciniki, kowa ya zo duniya kai ya tarar. Ka rufe da cewa, "Da a ce yau wani zai kira gayya, wallahi ni ne na farko a bakin gona."

Labaran in ya kai nan har muryarsa rawa take yi. Ni da na koya masa ma sai in ji ƙwalla ta taru mini.

4. In aka kawo goro, karɓa

Ga inda ake gane gwani. Wani lokaci akan samu mai tsautsayin da zai yarda da kai.

Namu shi ne Baba Ya'u, mijin Barakatun nan. 'Ya'yansa maza sun bi kuɗi, ɗaya yana sauke siminti a Legas, ɗaya yana masaƙa a Kano. 'Yan ƙwadago duk sun koma ɗaukar bulo. Bayansa ya ƙi miƙewa, ciyawa kuwa ta shaƙe masa gero. In ba a nome gonar a makon ba, babu abincin shekara, kuma gonar da ya gada wurin ubansa sai dai a sa ta a kasuwa. Ya tsaya a gefen majalisa ya ji Labaran yana zuba, washegari sai ga shi da ƙullin goro.

"Alhaji Labaran, jiya na ji maganarka, ban iya barci ba don murna. Ashe da sauran mutane. Ranar Talata nake gayya."

"Haba Baba! Har sai ka tako da kanka? Ai aike ya isa. Kawo goron nan."

Ka lura, a al'ada wanda ya karɓi goron gayya ya ɗaure kansa. Kada wannan ya tsorata ka. Mutumin da ba ya mayar da hannun dattijo baya, saboda haka ka karɓa da hannu biyu, ka ɓare, ka tauna a gabansa. Duk majalisa haka muka yi.

An ce da ya koma gida Barakatu ta tambaye shi, "Malam, ka kuwa dubi tafin hannunsu?" Ya ce mata ita dai ta cika zargi, ta je ta jiƙa dawa.

5. Ranar gayya, raba ƙafa

Ku zauna tun jajibere ku raba uzuri, kada mutum biyu su yi ciwon baya ɗaya. Labaran ya tafi Kano neman kwangila. Halliru mai shago ya ce kaya za su iso masa. Wani surukarsa ta kwanta, Allah Ya ba ta lafiya, ko da yake na gan ta tana tsinke zogale. Ni kuwa aikina tsarawa ne, mai tsari ba ya barin mazauninsa.

Kada ka bi hanyar Kausani ranar. Wanda ya bi ya ba mu labari: makaɗin da Baba Ya'u ya ɗauko yana ta dukan ganga tun hantsi, yana kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya yana wasa mu. A cikin gonar kuwa mutum biyu ne a duƙe, tsoho da tsohuwa.

6. Ci tuwon

Da la'asar sai ga Barakatu ta sauko daga a-kori-kura da manyan akusa. Tuwon dawa ne da ta tuƙa don ƙarti cike da gona, miyar kuka ta ji daddawa, har da akuyar da suka yanka. Ta dire a tsakiyar majalisa.

"Ga abincin mutanen da. Ku ci, kada shi ma ya lalace kamar geron."

A nan ɗalibai da yawa suke faɗuwa, kunya ta kama su su kasa sa hannu. Kul! Wulaƙanta abinci ba halin mutanen da ba ne. Labaran, da ya dawo daga Kano daidai lokacin, ya wanke hannu ya kai loma ya lumshe ido, ya ce, "Kun ji tuwo! Irin na da ke nan, yanzu ina za ka same shi?"

Ranar na san yaron nan ya wuce ni.

7. Taimaka

Kaka ta zo, abin da Baba Ya'u ya girbe ko rumbu bai rufa wa gindi ba. Mutumin da ba ya ganin dattijo cikin wahala ya kau da kai, don haka Labaran ya taimaka ya sayi gonar. Tana kusa da titi, ta dace da buga bulo. Bai tsaya nan ba, ya ɗauki Baba Ya'u gadi a wurin, har da tocila sabuwa.

Kwanan baya Halliru ya tsokane shi, "Baba, kai da ka ga jiya ka ga yau, wane zamani ne ya fi?"

Tsohon ya daɗe yana kallon bulon da aka jera inda geronsa yake fitowa. Ya ce, "Ranar da na raba goro. Ranar ina da mutane."

Ba a saka wannan amsar a gardama. Ba ta da daɗin ji da shayi.

Hattara

Ni dai shawara na bayar, ban riƙe wa kowa hannu ba. In jiragen shinkafa suka daina zuwa ka nemi tafasa bulo ya ƙi nuna, kada ka zo ƙofata. In ka tsufa ka raba naka goron aka tauna a gabanka, babu ruwana. In kuma wata rana jikokinka suka zauna a majalisa suna cewa zamanin man fetur shi ne zamani, lokacin da mutanen Wudil suke taimakon juna, kada ka gyara musu. Ka dai leƙa tukuna ka tabbatar Barakatu ba ta kusa, don tsohuwar nan da alama ba ta da niyyar mutuwa.