Yadda Za Ka Yi wa Gidan Injin Motar Surukinka Fenti Cikin Kwana Biyar

Albishirinka. Idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ba ka tsallake ko guda ba, an ba ka tabbacin cewa cikin kwana biyar gidan injin tsohuwar motarka zai yi ƙyallin da za ka iya gyara zaman hularka a cikinsa. Gidan inji, ga wanda bai sani ba, shi ne ramin nan da ke ƙarƙashin bonet, inda inji yake zaune da batir da wayoyi, wurin da ba mai leƙawa sai bakanike da ɓera. Tabbacin na ƙyalli ne kawai. Tashin mota wani fanni ne daban.

An riga an gwada wannan hanya a kan wani ma'aikacin ofis da kowa ke kira Akawu, mutumin da ya shekara goma sha tara yana aiki ba a taɓa kama shi ya bar gurbi a fom ba. Surukinsa, direba mai ritaya, yana da wata shuɗiyar mota da ta girmi matar Akawu da shekara biyu. A gidan Tsohuwa ake ce mata. Shekararta shida a kwance a bayan gida. Da Akawu ya roƙi a bar masa ita, dattijon ya gindaya sharaɗi ɗaya: "Ka kawo min ita ƙofar gida da ƙafarta ranar Asabar ta ƙarshen wata, kafin rana ta faɗi, ta zama taka. In ba ta zo ba, Lahadi 'yan gwangwan za su zo da guduma."

Aka ja ta da igiya zuwa gidan Akawu. Ga yadda aka yi, ga kuma yadda za ka yi.

Mataki na 1: Ka tabbatar motar ba ta buƙatar komai

Wannan shi ne tushe. Bakanike ya yi mako uku a kan Tsohuwa, ranar Litinin ta tashi bugu ɗaya. Akawu ya zaga layinsu sau biyu yana danna ham, matarsa tana tafi a bakin ƙofa. Saura kwana biyar. Abin da ya rage kawai shi ne ya kashe ta, ya rufe, ya jira Asabar.

Kada ka jira. Jira aikin marasa fasaha ne. Ka ɗaga bonet, ka riƙe ƙugu, ka dubi baƙin man shekara arba'in da ya kama ko'ina, ka girgiza kai.

"Baban yara, rufe ta mana," in ji matarsa.

"Zo ki gani."

"Na gani. Inji ne."

"Baba fa zai buɗe."

"Baba ya shekara arba'in yana buɗewa. Dattin ma nasa ne."

Ka yi murmushi irin na wanda ya hango abin da sauran mutane ba su hango ba.

Mataki na 2: Ka nemi ilimi, amma kada ya wuce minti tara

Ka samu bidiyo a waya. Wanda Akawu ya samu na wani mutum ne a wani farin gareji mai tsabtar asibiti, yana magana da yaren da Akawu ba ya ji. Hakan ba matsala ba ce, fenti ba shi da yare. Wajen tsakiya mutumin ya tsaya, ya nuna wani ɗan wuri kusa da batir da bakin sukundireba, ya ɗaure fuska, ya yi ta bayani. Akawu ya tura gaba.

Haka za ka yi. Duk inda gwani ya tsaya yana dogon bayani, surutu ne.

Mataki na 3: Launi

Motar shuɗiya ce, saboda haka ka zaɓi ja. Mai shagon fenti zai tambaye ka, "Mota ce ko ƙofa?" Ka ce mota. Zai ce gwangwanin feshi shida ya isa. Ka ɗauki tara.

Mataki na 4: Ka kwance duk abin da ke kwantuwa

A nan Akawu ya nuna shi ma'aikaci ne. Ya karɓi hutun kwana huɗu, ya taho da ambulan guda sittin daga ofis. Kowace waya sai da ya ɗauke ta hoto kafin ya taɓa ta. Kowane noti ya shiga ambulan ɗinsa, an rubuta inda ya fito da ranar da ya fito. Ambulan ɗin suka jeru a kan teburin cin abinci, iyali suka koma cin abinci a tsaye.

Ya cire batir. Daga batirin akwai wata baƙar waya mai kauri, an ɗaure ɗaya bakinta a jikin motar da noti ɗaya. Da ya kwance ta, sai ga wani ɗan fili mai faɗin marfin kwalba, ƙarfe tsirara, ba fenti ba komai, duk sawun kankara kamar wani ya daɗe yana yaƙushinsa da wuƙa.

Akawu ya daɗe yana kallon wurin. Gurbi ne. Wani ya bar gurbi.

"Za mu haɗu," ya ce da wurin a hankali.

Mataki na 5: Wanki da guga

Kananzir, tsumma, sanfefa, da buroshin haƙori. A kula, tsohon buroshi ake nufi. Akawu bai kula ba, aka kwana biyu ana maganar. Cikin dattin za ka tsinci abubuwa. Shi ya tsinci sifana ɗaya, ƙwallayen dabino goma sha ɗaya, da ɗankunnen da matarsa ta sha faɗa a kansa tun tana aji uku.

A wannan matakin ne ƙanin matarka zai zo. Kowa yana da irinsa. Na Akawu shi ne Auta, mai shagon gyaran waya, mutum mai gemu da 'ya'ya biyu amma bakinsa bai girma ba, kuma babban abokinsa ɗan gwangwan ne. Ya kafe babur, ya leƙa ramin da ba batir ba wayoyi, ya cire hula ya riƙe a ƙirji.

"Yaya, sannu da jinya. Ni da na ji an ce ta tashi?"

"Ado ake mata."

"Allah ya ba ta lafiya. Mutanena suna tambaya, Lahadin da safe za su zo ko da yamma?"

"Ka ce su sayar da gudumar."

Kada ka biye masa. Ka ƙara ƙarfin guga.

Mataki na 6: Ka rufe abin da ba ka so fenti ya taɓa

Tsofaffin jaridu da salatef. Inji a lulluɓe shi da zanen gado, gilashi da fitilu a manne su da jarida. Akawu ya ci awa biyar a nan, biyu daga ciki yana karanta labaran bara. Bai bar ko ramin allura a buɗe ba.

Abin da ba a rufewa shi ne igiyar shanya. Ba ta cikin mota, saboda haka ba ta cikin lissafi.

Mataki na 7: Fesa

Ka girgiza gwangwani har sai ƙwallon da ke ciki ya yi maka kiɗa. Ka ja da baya taku ɗaya. Ka fesa daga hagu zuwa dama, shafi siriri, ka bari ya sha iska, ka sake.

Ba a iya kwatanta daɗin wannan mataki ga wanda bai yi ba. Shafi na farko Akawu ya yi shi yana riƙe numfashi. A na biyu ya fara waƙa. A na uku maƙwabta sun ba da shaidar sun ga mutum mai shekara arba'in da bakwai yana rawa da gwangwani a kowane hannu, yana kiran mota "Hajiya". Ramin da ya shekara arba'in baƙi ƙirin ya koma ja wur, yana ɗaukar ido.

Sai ya juyo kan ɗan filin nan mai faɗin marfin kwalba. Ko'ina ya samu shafi uku, shi ya samu biyar. Sai da ya ɓace kamar ba a taɓa yin sa ba, sannan Akawu ya sauke ajiyar zuciya irin ta wanda ya rufe fayil.

Iska kuwa tana aikinta. Matarsa ta fito da fararen rigunan makarantar yara guda huɗu a hannu. Yanzu ba farare ba ne sosai.

"Wannan fa?"

"Zai fita."

"Cewa ka yi fentin nan shekara ashirin ba ya fita."

"A ƙarfe nake nufi."

Ta dube shi daga sama har ƙasa. "Je ka duba girarka a madubi."

Mataki na 8: Ka mayar da komai, amma kada ka gwada

Ranar Juma'a ambulan sittin suka koma fanko. Noti ko ɗaya bai yi saura ba, abin da bakanike da yawa ba su taɓa gani ba a rayuwarsu. Baƙar wayar nan ta koma wurinta, ta kwanta luf a kan fenti shafi biyar, Akawu ya ɗaure ta a hankali don kada sifana ta ƙwarzani jan.

"To tayar mu ji," in ji matarsa.

"Hayaƙi zai dusashe fentin. Gobe."

Ka riƙe wannan amsa. Mai gwadawa shi ne mai shakka.

Mataki na 9: Ranar Asabar, ka murɗa makulli

Ka sa kaya masu kyau. Ka zauna, ka gyara madubi, ka murɗa.

Tsohuwa ta ce "ƙat", kamar an rufe biro. Akawu ya sake murɗawa, ko "ƙat" ɗin ma ba ta maimaita ba.

Ya duba hotuna, kowace waya tana inda take. Ya kira bakanike, wayarsa a kashe. Ya ari batirin maƙwabci, shiru. Da tsakar rana Auta ya iso, ya ce shi ba mugu ba ne, zai taimaka da turi. Shi da maƙwabta uku suka tura ta zuwa ƙarshen layi, suka turo ta baya, sau huɗu, Akawu yana ciki yana sakin kuloci yana addu'a. A zagaye na huɗu Auta ya jingina da but yana haki.

"Yaya, sharaɗin da ƙafarta ne ko da tamu?"

Akawu ya fito daga motar. Ya ɗaga bonet. Jan yana nan yana ƙyalli, har ya ga fuskarsa a ciki, ya kuma ga ba fuskar mai mota ba ce. Inuwar katanga ta fara tsawo.

Mataki na 10: Ka bar suruki ya zo da kansa

Dattijon tun safe yake zaune a kujera a ƙofar gidansa. Da ya gaji, ya ɗauki sandarsa ya tako. Akawu ya durƙusa ya gaishe shi har sau uku, don gaisuwa tana cin lokaci.

Baba ya leƙa ramin. Ya daɗe. Ya bi gefen da yatsa, ya dubi yatsan.

"Wa ya yi?"

"Ni ne, Baba."

"Ko'ina?"

"Ko'ina, Baba. Ban bar ko'ina ba."

"To shi ne. Ba ni sifana."

Ya kwance baƙar wayar. Ya zaro 'yar wuƙa daga aljihu, ya buɗe ta da farce, ya fara kankare fentin. Akawu ya rufe ido. Shafi biyar suna zuba ƙasa kamar ɓawon albasa.

"Wuta daga batir take fita," in ji Baba, bai ɗago ba. "Ta zaga ta yi aikinta, ta dawo gida ta jikin mota. Nan ce ƙofarta. Ƙarfe take so ya taɓa ƙarfe. Shekara arba'in duk damina sai na kankare wurin nan, kai kuma ka zo ka yi masa ginin bulo."

Ya mayar da waya, ya ɗaure tam. "Murɗa."

Tsohuwa ta tashi bugu ɗaya. Matar Akawu ta saki ihu daga bakin ƙofa, maƙwabtan da suka yi turi suka hau taya juna murna kamar su suka gyara.

"Baba, wannan fa ba ya cikin sharaɗi," in ji Auta. "Kai ka tayar da ita."

"Cewa na yi ya kawo ta ƙofar gidana. Ka ga ƙofar gidana a nan?" Ya buɗe gaba ya shiga, ya ɗora sanda a cinya. "Ja mu je, ɗana. Kai kuma biyo mu a babur, ka sha hayaƙi."

Suka kama hanya, suka sha kwana ta biyu.

"Jan ya yi yawa," in ji Baba.

"Haka ne, Baba."

"Amma ban ga inda ya zubo ba ko ɗigo ɗaya."

Sun isa da sauran rana. Dattijon ya fita, ya bar makulli a jiki, sannan ya zagayo ta tagar direba ya ajiye 'yar wuƙar a tafin hannun Akawu.

"Motar taka ce. Wannan ma riƙe. Sai ka fi buƙatarta fiye da makullin."

Sanarwa

Wannan jagora ba shi da alhakin duk motar da ta ƙi tashi, ko rigar makarantar da ta sauya launi, ko girar da ta yi mako uku tana ja, ko buroshin da aka ɗauka bisa kuskure. Wanda ba shi da suruki direba ya nemi nasa tun kafin mataki na ɗaya. Ba a bayar da aro. Ƙyalli aka yi alkawari, an kuma cika.

Haka nan ba ruwan jagoran da abin da zai iya faruwa nan gaba. An ga Akawu sau da yawa da safe ya ɗaga bonet, ya ƙura wa gefen wayar nan ido, inda ɗan farin ƙarfe ke leƙowa a tsakiyar ja, yatsansa yana motsi shi kaɗai. Akwai sauran rabin gwangwani. Yana cikin akwatin matarsa, makullin akwatin kuma yana wajen Baba.