Rasuwar Montalbo, Auta Cikin Huɗu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da ya ƙi hucewa, Gaspare Lojacono, tsohon shugaban ɗakin injin, yana sanar da mutanen garin La Spezia rasuwar jirgin ruwan yaƙi Montalbo, yana da shekara ashirin da bakwai a duniya.

Su huɗu aka ƙera su iri ɗaya, dogaye, sirara, kowanne da igwa takwas. Waɗanda suka zana su gudu kawai suke so su nuna wa duniya, sai suka rage musu sulke har ya koma kamar gwangwanin tumatir. Tun ranar gwaji Gaspare ya ƙwanƙwasa jikin marigayin, ya ce wa babban injiniya, “Ranka ya daɗe, wannan ai ko cokali ya huda shi.”

“Kai dai hura wuta,” in ji injiniyan. “Ba don tunani aka ɗauke ka ba.”

Cikin yayyensa uku, harsashi ɗaya ya raba Valdoro gida biyu, ya nutse da mutum ɗari huɗu, har da Nunzio ƙanen Gaspare. Serrano ya taka nakiya. Corvino kuwa, da aka ci mu da yaƙi, miƙa shi aka yi ga abokan gaba, suka sauya masa suna. Injiniyan ya samu lambar girma.

Marigayin ya kasance mai haƙuri, mai cin mai ba ƙaƙƙautawa. Sau biyu ya dawo gida da rami a ciki, yana tari, yana gurnani, amma bai zubar da kowa a teku ba. Abin da maƙiya suka kasa, manyanmu suka ƙarasa: shekara uku yana ɗaure a bakin tasha babu ko fenti, tsatsa tana cinsa, har suka sa hannu aka ba ’yan gwangwan.

Ya bar tsofaffin ma’aikata goma sha tara, rabinsu kurame saboda ƙarar injinsa, da ƙararrawa ɗaya wadda Gaspare bai san inda take ba, kuma kada a sake tambayarsa.

Za a fara yanka gawar ranar Litinin da safe. Masu makoki su taho da burodi da giyar inabi. Mai tabon ƙunar tururi a hannu ya tsaya sahun gaba. Duk wanda ya zo da lambar girma a ƙirji, ya tabbata ya iya iyo.