Ranar da Na Ɓata Zanen Mutum Arba'in

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na lalata aikin mutum arba'in ba, ni kaɗai, kuma da ladabi na lalata shi.

Gadi nake yi a wata makarantar koyon kwamfuta a Dutse. A lokacin watana biyu ke nan, ana gwada ni. Ban yi boko ba. Na yi kiwo, na yi dako, na kwana a tasha. Kujerar taro kuwa ban taɓa hawa ba.

Ranar da makarantar ta gayyaci baƙi, Malama Hadiza ta jera kujeru arba'in a layi ɗaya don wani wasa. Kujera ɗaya ta rage ba kowa, ta ce, "Baba mai gadi, zo ka cike mana."

Dokar wasan ɗaya ce. In ta busa usur, ka dubi na damanka da na hagunka. In ɗaya ne kawai a tsaye, ka miƙe. In ba haka ba, ka zauna. Kowace busa za a ɗauki hoto, kwamfuta ta jera su daga sama zuwa ƙasa. Wai daga wannan 'yar doka zane zai fito da kansa, irin na hula, ba wanda ya tsara shi. In an sauya dokar, zanen ma ya sauya.

Na gane sarai. (Shanu ma haka suke, kowace na kallon ta kusa da ita.)

Matsalar, Alhaji mai makarantar ne a damana. Ni a gidanmu a Jahun ba a tsayawa a kan babba yana zaune, ba a kuma zama yana tsaye. Sai na bar dokar Malama na kama tawa. Alhaji ya miƙe, na zabura. Ya zauna, na zube. Sau ɗaya ma har na tsuguna a ƙasa.

Da aka gama, aka haska zanen a bango. Sama ya yi kyau. Daga tsakiya kuwa kamar kaji sun yi tono. Na kusa da ni ya bi kuskurena, na kusa da shi ya bi nasa, har ƙarshen layi.

Malama ta bi ɓarnar da yatsa har tushenta. "Kujera ta sha bakwai. Waye?"

Kowa ya juyo. Na ce a raina, aiki ya tafi.

"Ni ne. Ba na iya tsayawa a kan Alhaji."

Ɗakin ya fashe da dariya. Alhaji ya share hawaye ya ce, "Kai Baba, ashe inuwa na samu! Malama, a bar min shi."

Ina nan a ƙofa har yau. Ɗalibai sun saka dokata a kwamfuta, suna kiranta dokar mai gadi, kuma kullum shirme take haifarwa. Abin da na koya: in za a jera ni, a nisanta ni da manya.