Tsayuwar Ɗanasabe a Bakin Gonar Alkama

Duk wanda ya yi zamani da aikin madatsar Bakolori ya san ba a yi jarumi kamar Ɗanasabe ba. Shi ma ya sha faɗin haka.

Mai gadin gonar gwaji ta alkama ne, kusa da Birnin Tudu. Sharaɗin manaja ɗaya ne: ranar da dabba ta taɓa alkamar nan, ranar aikinsa ya ƙare.

Jaruntar ta same shi ne a Talata Mafara, inda aka haska wani fim na Japan a jikin bango. 'Yan daba suna sara, jini na tsiri, jama'a na dariya. Ɗanasabe bai yi dariya ba, karatu ya ɗauka. Ya lura gwanin takobi ba ya magana. Tsayawa yake ƙyam, ya kafe abokin gaba da ido, wanda ya fara motsi shi ne matacce.

Ya sa wani maƙeri a Bakura ya ƙera masa dogon takobi, ya soke shi a ɗamara. 'Yan kasuwa suka raɗa masa Samurai na Bakin Ruwa, da sunan mayaƙan takobi na Japan.

"Ku manoma ba ku san yaƙi ba," in ji shi. "Ni da ido nika kashe mutum. Takobin ga ado ne."

Wata Laraba da hantsi sai ga Hamma, wani dattijon makiyayi, ya nufo shi da sanda, da sauri. Ɗanasabe ya ga ranar da yake jira. Ya ware ƙafafu, ya dafa ƙotar takobi.

Hamma ya yi sallama. Shiru. Ya tambayi gida, ya tambayi gajiya. Shiru. Hamma kuwa ba a koya masa faɗin abin da ya kawo shi kafin a amsa gaisuwa ba. Sai ya dogara da sandarsa, ya naɗe ƙafa ɗaya, ya jira. Mutumin da ke wuni a tsaye bayan shanu ba ya gaggawa.

Masu wucewa sun shaida har aka kira azahar suna nan. Hamma ne ya fara motsawa, don zai yi alwala.

"Ka faɗi!" Ɗanasabe ya daka tsawa.

"Madalla, ashe kana magana. Samari, cewa niz zo yi awaki sun keta shingenka ta baya tun ɗazu."

Da yamma manaja ya tsaya a kan abin da ya saura na alkama, wato ƙasa.

"Ranka ya daɗe," in ji Ɗanasabe, "a tambayi kowa, shi yaf fara motsi."

An tambaya, an tabbatar. Da cikakkiyar nasararsa aka sallame shi.