Ranar da Na Yi wa Rasuwa Kwalliya

Wata yamma ina zaune a ƙofar shagona na gyaran waya a Dogon Dutsi, rana ta rina kan dutse ja, sai tunani ya kwashe ni. Me ya sa saƙonnin gurup ɗinmu na 'yan Matankari kullum baƙaƙe ƙirin, kamar takardar likita? Ga ni kuwa na koyi aika umarni ta API, ƙofar da manhajar saƙo take bar wa masu ordinatar, wato kwamfuta.

Nan take na tsara: duk sanarwar da sakatare ya turo ta fito ruwan hoda, da manyan haruffa, da fure a kowane gefe, a ƙasa kuma "Barka, Allah ya maimaita!" Ina lumshe ido ina hango bukukuwan aure da na suna, ina jin dattawa suna tambayar ɗan wane ne wannan gwani. Ban ma gwada ba. A ganina gwaji na masu shakkar kansu ne.

Washegari sanarwa ta farko ta shigo. Kawun shugabanmu ne ya rasu. Ta fito tsaf, da furanninta, da addu'ar maimaitawa.

Shugaba ya kira ni, muryarsa a sanyaye: "Ɗana, mi munka yi maka?"

Har yau, duk zaman makokin da na je, ana shafa fatiha sai wani ya matso kunnena: "Mai Fure, wanga mamaci wane launi za ka sa mishi?"