Na'urar da na kafa a gonar Kawu Bawa

Ko za ni manta da duk abin da na karanta, ba za ni taɓa mantawa da daminar da na sa kawuna ya yi shuka cikin busasshiyar ƙasa ba.

Lokacin ina digiri na biyu a kimiyyar nukiliya. Bincikena a kan wasu ƙwayoyi ne da ke zubo muna daga sararin samaniya, ido ba ya ganinsu. In sun daki iska sai su haifar da wasu ƙanana da ake kira niyutiron, ruwa kuma yana shanye su. Ke nan in na'ura ta ƙirga kaɗan, ƙasa na da laima. In ta ƙirga da yawa, ƙasa ta bushe. Malamina ya ce a kafa na'urar inda fari ya yi tsanani, na yi caraf na ce a kai ta ƙauyenmu kusa da Gangara (gaskiya so nake a ga abin da na zama).

Munka kafa ta a gonar Kawu Bawa, ƙanen mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami. Munka kewaye ta da waya, munka sa kwaɗo. Na ba matarsa, Inna Hajo, makulli don ta riƙa share farantin hasken rana. Ni kuwa na koma Sabon Birni na zauna ƙarƙashin fanka, lambobi na shigo mini cikin kwamfuta.

Shekara ta biyu ke nan ruwa bai wadata ba. Anka yi yayyafi sau ɗaya, sai shiru. Amma tun daga ranar lambobina sunka faɗi ƙasa, sunka zauna nan. Laima! Ranar Juma'a na hau babur na tafi gida, bayan salla na tsaya gaban jama'a na ce ƙasa ta riƙe ruwa, kowa ya yi shuka.

Kawu ya ja ni gefe. Tiya uku ta rage masa na irin geron da ya gada daga kakanmu.

"Ɗana, jiya na tona har gwiwar hannu. Ƙasa awa toka."

"Kawu, hannu rame guda yake gani. Na'ura gona duka take ji."

Ya dube ni, ya ce, "To, kai ka yi karatu."

Daga masallacin zuwa gonar bai kai tafiyar minti ashirin ba, amma ban je ba (takalmina sabo ne). Kawu ya shuka irinsa duka, gida biyar sunka bi shi. Wani ɗan yayyafi ya sa geron ya tsiro, ya yi kwana tara, ya ƙone.

Da malamina ya zo duba aiki, Maigari da dattawa sunka raka mu gona, ina gaba ina ta bayani. Muna isa na leƙa. Cikin wayar, jingine da na'urar, ga jarkoki cike da ruwa sun fi goma, ga duro guda an rufa masa buhu.

Malamina ya gaida Inna Hajo, ya tambaye ta dalilin jarkokin a hankali.

"Malam, rijiyarmu ta ƙahe," in ji ta. "Da jaki muke ɗebowa daga nesa. Nan akwai kwaɗo, akwai inuwa."

"Tun yaushe, Inna?"

"Tun ranar yayyahin farko."

Wato sati shida ina auna ruwan shan gidanmu, ina ce masa laimar ƙasa. Malamina ya juyo.

"Yaushe rabonka da wurin nan?"

"Wata biyu, Malam."

Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi, da na samu sauƙi. Inna ta fara jan jarkokin tana ba ni haƙuri, ita da ba ta yi laifin komai ba. Kawu ya ce, "Hajo, bar su nan. Ruwan sha ya hi."

Washegari ya ce za shi Nijar wurin dangi neman iri. Na ce za ni bi shi. Munka tafi tare. Munka samo wani iri, na ɗauko buhun bisa kaina, anka yi shuka a makare. Irin kakanmu dai ya tafi ke nan.

Yau ni ma ina koyarwa. In ɗalibi ya shigo yana murna sakamako ya fito daidai yadda yake so, ba ni taya shi murna sai na ji dalili. Ɗalibai suna cewa ina da baƙin rai. Ban taɓa gaya musu inda na samo shi ba.